Kundin gwajin man fuska mai launi, daga hunturu zuwa damina a Kano

9 ga Nuwamba, 2024

Tambayar da ta sa aka buɗe wannan kundi ita ce wadda ake yawan ji a shagunan kayan kwalliya: man nan da ake ce wa BB, ko CC, wanda aka ce shi kaɗai ya ɗauke wa mace man shafawa da fandeshan da man kariyar rana, ya ci kuɗinsa kuwa a kan irin fatarmu da irin yanayinmu?

Asalinsa ba na ado ba ne. Wata ƙwararriyar gyaran fata a Jamus, Christine Schrammek, ita ta haɗa shi a shekarun 1960 don waɗanda aka saɓule wa saman fatar fuska, ya kwantar musu da raɗaɗi ya kuma rufe jan da ke biyo baya. Koriya ta Kudu ce ta mai da shi kayan kwalliya, daga can ya bazu kasuwannin Turai da Amurka wajen 2011. Ke nan tun farko an ƙera shi ne don farar fata mai yin ja, kuma wannan gado yana nan cikin yawancin robobin da ke shigo mana. Haruffan da ke jikinsa sunan kasuwa ne kawai. Babu dokar da ta ce ga abin da zai zama BB, ga abin da zai zama CC. A al'ada dai CC ya fi karkata ga gyaran launi.

An tanadi kala shida, an sa musu haruffa. A shi ne BB irin na Koriya, launi biyu kacal gare shi. B shi ne CC mai kauri. C man shafawa ne mai ɗan launi, babu kariyar rana a cikinsa. D man kariyar rana ne na zink, wani farin sinadari mai tare hasken rana, wanda aka sa wa launi. E haɗi ne na cikin ƙaramar kwalba, babu jerin sinadarai a jikinsa, mai sayarwa ta ce yana "goge tabo". F kuma haɗin hannu ne: fandeshan kashi ɗaya, man shafawa kashi biyu, a cakuɗa a bayan hannu lokacin shafawa.

Masu gwaji mata tara ne, uku farare, uku wankan tarwaɗa, uku baƙaƙe, a kowane rukuni da mai maiƙon fuska da mai bushewa. Kayan aiki: sirinji marar allura mai cin mil 5, kofin gilashi, farin yadin auduga, da waya ɗaya tak don hoto, saboda kowace waya da yadda take sarrafa launi. An fara da gwajin ƙaiƙayi: ɗigo ɗaya a bayan kunne, safe da yamma, kwana bakwai.

16 ga Nuwamba, 2024

Karatun bayan roba. Ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, sai waɗanda ba su kai kashi 1 cikin ɗari ba, su ana iya jera su yadda aka ga dama. Akwai wata dabara a nan. Sinadarin hana ruɓewa da ake rubutawa phenoxyethanol ba a wuce kashi 1 da shi. To duk abin da aka yi tallarsa da manyan haruffa a gaba, in ya zo can ƙasa kusa da wannan suna ko bayansa, ɗanɗano kawai aka sa. Haka aka tarar da zuma da bitamin C na samfurin B.

Launin irin waɗannan mayuka daga abu huɗu yake fitowa: farin titaniyam, wanda lambarsa CI 77891, da tsatsar ƙarfe tatacciya kala uku, ja CI 77491, rawaya CI 77492, baƙa CI 77499. Yadda aka auna waɗannan huɗun shi ne duk sirrin ko man zai zauna a fuska ko zai yi toka.

Kalmar "mai haskakawa" da ke jikin A ta tayar da hankalin wasu. A tsarin Koriya, ana ba man izinin wannan suna in yana ɗauke da irin su niyasinamaid kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari. Wannan ba bilicin ba ne. Rage tafiyar baƙin launi yake yi zuwa saman fata, a hankali, cikin makonni. Bilicin na ainihi da ake tsoro shi ne mai makuri, da mai sitiroyid, da haidirokwinon mai ƙarfi. A, B, C da D duk suna da jerin sinadarai da ranar lalacewa. Lambar NAFDAC da hoton buɗaɗɗiyar kwalba mai 6M ko 12M, wato watannin da man zai yi lafiya bayan buɗewa, su ne abu na gaba da za a duba kafin a miƙa kuɗi.

30 ga Nuwamba, 2024

Gwajin launi. Layi uku a kan muƙamuƙi, daga kunci zuwa wuya, a tsaya a inuwar ƙofa da hantsi, a jira minti 20 kafin a yanke hukunci. Bayan hannu ba ya faɗin gaskiya, don launinsa ya sha bamban da na fuska, haka ma fitilar shago.

A ya faɗi warwas. Lambobin launin da Koriyawa suka fi yi su ne 21 da 23, kuma ko 23 ɗin ya yi wa farare biyu daga cikin uku haske. A kan wankan tarwaɗa ya yi toka-toka, a kan baƙar fata kuwa kamar an shafa farar ƙasa. Dalili: farin titaniyam ya yi yawa, ja da baƙar tsatsa sun yi kaɗan. Maganar da ake yi cewa man "yana bin launin kowa" ba ta da tushe. Abin da ke faruwa shi ne in an shafa shi siriri sosai fatar da ke ƙasa tana leƙowa, shi ke nan.

B ya dace da farare da biyu daga wankan tarwaɗa. C ya fi kowa sassauci saboda launinsa ba shi da ƙarfi, ya zauna wa bakwai cikin tara. D ya bar ɗan shuɗi-shuɗi a goshin baƙaƙen mata uku, aikin zink ne. F ya dace da kowa, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda kowacce da fandeshan ɗinta ta haɗa.

An gwada ceto A da ɗigon fandeshan mai duhu. Launi ya gyaru, amma sai da aka kai ɗigo ɗaya na fandeshan ga ɗigo ɗaya na A. Wadda za ta yi haka kullum, me ta saya ke nan?

14 ga Disamba, 2024

Wannan shi ne gwajin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma lissafi ne kafin ya zama gwaji.

Lambar SPF da ke jikin roba, wato ma'aunin kariyar rana, ana samunta ne a ɗakin bincike da shafa miligiram 2 a kan kowane murabba'in santimita na fata. Ga fuskar babba, wannan ya kama kusan rubu'in cokalin shayi, wato mil 1.25 ko kusa da haka. A wannan kaurin ne SPF 15 ke tare kusan kashi 93 cikin ɗari na hasken UVB, wato ɓangaren hasken rana mai ƙona fata, SPF 30 kusan 97, SPF 50 kusan 98. In aka rage kauri, kariya ta ragu, kuma ba ƙaramar raguwa ba.

An ce kowace mai gwaji ta matso adadin da ta saba shafawa, aka zuƙe da sirinji aka karanta. Babu wadda ta kai rabin mil. Yawanci kamar ƙwayar wake ne, wajen mil 0.3, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake buƙata. Daga nan aka auna mil 1.25 cif aka shafa.

A da B ba su shafu ba. Fuska ta zama kamar an yaɓa mata, man ya taru a gefen hanci da layin dariya, gira ta yi fari. Ba laifin hannu ba ne. Man da aka cika wa launi don ya rufe tabo da ɗan kaɗan ba zai yiwu a shafa shi da kaurin man rana ba. Buƙatun biyu kishiyoyin juna ne a roba ɗaya. D ne kaɗai ya jure, shi ma sai da aka raba shi biyu: rabi, a jira minti biyar, sannan rabi. An yi shi ne da launi mai rauni don a iya lafta shi.

Mai sa hijabi tana da ɗan rangwame, tunda kunne da wuya da gefen kunci a rufe suke, wurin da za ta shafa ya ragu. Amma kaurin da ake so a goshi da hanci da kumatu bai canja ba.

Abin da aka tsayar daga yau: duk mai gwada A, B, C ko F za ta fara sa man kariyar rana marar launi, tsawon yatsa biyu, ta jira minti 15, sannan ta ɗora mai launin. Ba a cakuɗa man rana da fandeshan a tafin hannu, don hakan yana tsinka shi ya kuma hana shi shimfiɗuwa bai ɗaya. A duba kuma alamar UVA, ko dai haruffan a cikin da'ira irin na Turai, ko PA mai alamar tarawa uku ko huɗu irin na Japan da Koriya. SPF lissafin UVB ne. UVA kuwa, mai shiga can ciki ya ƙara duhun tabo, ma'auninsa daban.

11 ga Janairu, 2025

Hunturu ya kankama. Laimar iska da rana takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, kuma a nan iƙirarin "yana laushin fata" ya sha kaye. Abin da ke cikin waɗannan mayuka na laushi yawanci gilisarin ne da danginsa masu jawo ruwa. In iska ta bushe ƙamas, babu ruwan da za su jawo daga waje, kuma babu isasshen maiƙo a cikinsu da zai tare na cikin fata. Kafin azahar masu busasshiyar fata sun yi furu-furu, launi ya maƙale a kan ɓawon da ke gefen baki da hanci ya ƙara fito da shi fili. B ya fi muni saboda garin da ke cikinsa mai shanye maiƙo.

Gyaran da ya yi aiki: a wanke fuska da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, a shafa man laushi tun fuska da sauran danshi. Inda ya yi kaushi a ɗan taɓa man kaɗanya kamar ƙwayar gero, a narkar da shi a yatsa tukuna. In ya wuce haka launi zamewa yake yi. Basilin a bar wa dare.

Matsala ta biyu ita ce murtsukewa, man ya riƙa naɗewa ƙanana-ƙanana kamar dattin wanka. Yana faruwa ne in an ɗora wani kan wani kafin na ƙasa ya sha iska, ko an murza da ƙarfi, musamman in na ƙasa mai yauƙi ne na sama kuma mai silikon. Jira da dannawa da soso mai ɗan danshi maimakon murzawa sun kawar da ita ga kowa sai mutum ɗaya, ita kuma sai da ta canja man laushinta.

Sabulun salo da wasu ke wanke fuska da shi ya ƙara ta'azzara bushewar. Fata tana zaune ne a ma'aunin tsami na wajen 5, sabulu kuwa yakan kai 9 zuwa 10, wato ya yi nisa da na fata.

25 ga Janairu, 2025

An cire E daga gwaji. Mata biyu da ke shafa shi sun yi haske da sauri fiye da kima, ɗaya ta fara ƙananan ƙuraje iri ɗaya a kewayen baki. Launi ba ya yin haka, niyasinamaid ma ba ya yi. Wannan kama ce ta sitiroyid. An tura su wurin likitan fata, saboda yanke irin wannan man farat ɗaya yakan sa fuska ta yi ja ta ɓarke da ƙuraje. Sanya shi cikin gwajin tun farko kuskure ne.

15 ga Fabrairu, 2025

Batun alwala, wanda babu robar da ta yi maganarsa. A fiƙihun Malikiyya wajibi ne ruwa ya taɓa fata tare da cuɗawa, kuma abin da ya yi shamaki tsakanin ruwa da fata sai an gusar da shi. Hukuncin kowane man a wurin malamai yake. Abin da kundi zai iya nunawa shi ne halin kowannensu da ruwa.

Gwajin kofi: a ɗiga man cikin ruwa a motsa da tsinke. C da F sun narke, ruwan ya yi gurɓi kamar koko. Waɗannan maiƙo ne a cikin ruwa, wankin fuska ɗaya yana tafiya da su. A, B da D sun dunƙule sun ƙi haɗuwa, don su ruwa ne aka kulle a cikin silikon. A jerin sinadaransu za a ga sunaye masu ƙarewa da cone ko siloxane a sahun gaba. A kan fuska ruwa yana gangarewa ta kansu kamar a bayan agwagwa. Cire su sai da mai: a murza man wanke fuska ko ɗan man zaitun minti ɗaya a kan busasshiyar fuska, a goge, a bi da abin wanki mai sauƙi.

Ko ta wane gefe aka bi, abin da aka shafa da safe ba ya tsallake azahar. Ga kwalliya wannan ƙaramin abu ne. Ga kariyar rana babba ne, domin daga azahar zuwa la'asar rana na da sauran ƙarfi. Dama ƙa'idar man rana a sabunta shi duk awa biyu in ana waje, kuma ko wanda aka rubuta yana jure ruwa, minti 40 ko 80 ne iyakarsa.

12 ga Afrilu, 2025

Bazara, zafi yana taɓa digiri 40, ga bukukuwan bayan Sallah. Yanzu masu maiƙon fuska ne ke shan wuya. C, wanda ya fi kowa kyau a hunturu, awa biyu ya yi ya fara naso a goshi da hanci. F ma haka, sai da aka juya ma'auninsa zuwa ɗaya da ɗaya aka kuma koma man laushi marar maiƙo. B ya rama faɗuwarsa ta Janairu, shi ya fi daɗewa.

An lura da B da F suna ƙara duhu, suna komawa ruwan lemo bayan awa biyu zuwa uku. Masu kwalliya kan ce iska ce ta ci launin. Tsatsar ƙarfe kuwa ta riga ta gama tsatsa, babu sauran abin da iska za ta yi mata. Ruwan man ne ke ƙafewa, maiƙon fuska ya jiƙa garin launin, kamar yadda jar ƙasa ke ƙara duhu in ta jiƙe. Don haka mai maiƙon fuska ta gwada launi ta yi awa uku da shi kafin ta saya, in ya yi duhu sai ta ɗauki wanda ya ɗan fi haske.

Maganin naso ba ƙarin hoda ba ne. A fara danna tishu a tsotse maiƙon, sannan hoda kaɗan a goshi da hanci da haɓa. Hoda a kan gumi dama kwalliya take yi.

Gwajin farin yadi: a danna a kunci daƙiƙa biyar bayan minti 30 da shafawa. Duka sun bar shaida, C da F sun fi. A bakin hijabi da mayafi, a tsayar da man kamar faɗin yatsa ɗaya kafin inda yadi ke zama, a bi wurin da hoda. Tabon da ya riga ya kama yadi, sabulun wanke kwanuka na ruwa ya fi omo fitar da shi, a sa kafin a jiƙa.

Hoton dare da filasha: A da D sun mai da fuska fara fat, wuya baƙi. Titaniyam da zink da garin silika suna mayar da haske. Amarya da ƙawayenta su kiyayi waɗannan biyun a wurin dina.

3 ga Mayu, 2025

Robar C da aka bari a jaka cikin mota ta rabu, ruwa-ruwa ya fara fitowa kafin man. Girgizawa ta haɗa shi na ɗan lokaci ya sake rabuwa, aka zubar. Ragowar an mai da su cikin durowa a ɗakin da ya fi sanyi. Soso kuma a wanke shi duk bayan kwana biyu a wannan zafin; ƙurajen da mutum biyu suka ɗora wa B sun lafa da aka yi haka ba tare da an daina B ɗin ba.

21 ga Yuni, 2025

Wata shida ke nan da fara hoton tabo, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, duk mako biyu. A nan ne man mai launi ya nuna amfanin da marar launi ba shi da shi, kuma ba shi ake talla ba. Baƙar fata da wankan tarwaɗa suna ƙara duhu ba da UV kaɗai ba, har da hasken da ido ke gani, musamman ɓangarensa shuɗi. Man rana marar launi ba ya tare wannan sosai, tsatsar ƙarfe kuwa tana tarewa. Shi ya sa likitocin fata ke ba masu duhun kumatu irin na goyon ciki, da masu tabon da ƙuraje suka bari, shawarar man rana mai launi.

Hotunan sun tafi daidai da haka. Masu D, da masu ɗora B ko F a kan man rana suna kuma sabuntawa bayan azahar, tabonsu bai ƙara duhu ba duk tsawon bazara, wasu ya ɗan dusashe. Wadda ta koma shafa C shi kaɗai tun Maris, nata ya ƙara fitowa. Mutum takwas ko tara ba su isa hujjar kimiyya ba, kuma babu samfurin da ya goge tabo. Hana shi ƙaruwa suka yi, fata ta yi sauran aikin da kanta.

Lissafin kuɗi ba ya buƙatar farashi. Roba mai mil 30, in ana shafa ƙwayar wake sau ɗaya a rana, za ta kai kwana 100. In za a shafa ta a matsayin man rana, mil 1.25 sau biyu a rana, kwana 12 ne. Mai sayen BB don ta huta da sayen man rana, ko dai ta sayi roba biyu da rabi a wata ta kuma yi yawo da fuska a yaɓe, ko ta zauna da kariyar da ba ta kai abin da aka rubuta ba.

19 ga Yuli, 2025

Damina ta zauna, iska ta yi laima. Bushewa ta kau, kusan kowa ta ajiye man laushi da safe, man rana kawai sai mai launi. Gumi ba ya saurin bushewa, don haka jiran da ke tsakanin shafa na farko da na biyu ya koma minti 20. Hadari ba ya tare UVA yadda ake zato, ba a sassauta adadi ba.

Matsayin samfura zuwa yau. D ya ci kuɗinsa ga mai tabo da mai yini a waje, in ta sami launin da bai yi mata shuɗi ba. Baƙaƙen mata uku suna bin sa da hoda mai launin fatarsu, abin ya zauna. C na hunturu ne da busasshiyar fata, a matsayin ado kawai. B na bazara ne da fuska mai maiƙo. A bai dace da kowa ba sai mutum ɗaya. Wadda take da fandeshan da ya dace da ita a gida, F ya ba ta kusan duk abin da C zai ba ta ba tare da ta sayi komai ba, da sharaɗin ta haɗa na shafawa ɗaya a bayan hannu. In ta cika kwalba ta ajiye, maganin hana ruɓewa ya tsinke, haɗin yana iya lalacewa.

An karɓo sababbin samfura biyu, G da H, man rana masu launi waɗanda babu zink a cikinsu, an yi su da launuka masu duhu. Gwajin bayan kunne ya fara jiya, zai ƙare 25 ga wata. Daga nan sai kofin ruwa, sai mil 1.25 a kan baƙaƙen mata ukun nan, da hoton filasha a daren ranar.